Obadiya Mai Kai Inji Sikeli

Kafin jiniyar kamfanoni ta yi kukan farko a Sharaɗa, Obadiya ya riga ya buɗe garejinsa. Yakan share ƙasan ƙugiyar da yake ɗaga inji da ita, ya shafa wa sarƙarta baƙin mai, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya ya sha kokonsa. Mutumin Zonkwa ne. Wata masaƙa ce ta kawo shi Kano yana saurayi, yana gyara mata motoci. Da aka rufe ta, abokan aikinsa suka tattara suka koma gida, shi kuwa ya kafa rumfar kwano a bayan katangarta. Bana ya ce bayansa ya ƙi, ya ajiye sifana ya koma garinsu. Shi ya sa na ga ya kamata a yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Kanikawa sun yi yawa a Kano, amma ban san mai kai inji sikeli ba in ba shi ba. A shekarun nan da fetur ya yi ta wuya, direbobin bas suka raja'a a kan cire injin fetur su sa na gas ɗan Baljiyam. Tambayar kowa ita ce ko injin yana ja. Obadiya kuwa nauyinsa yake tambaya. In an kawo masa inji, sai ya loda shi tare da tsohon a kura, ya tura su wurin masu awon fata. Masu fata su yi ta tsokanarsa, wai ga Obadiya ya kawo kirginsa. Ya taya su dariya, amma ba ya tafiya sai ya ga bambancin, domin da shi yake sanin ko birki da sifirin, ƙarfen da ke riƙe nauyin mota, za su ɗauka.

Wannan ɗabi'ar ta kusa raba shi da amininsa Ɗahiru, mutumin Challawa, wanda ke kwasar mata ma'aikata a bas zuwa wani kamfanin alewa. Cikin matan har da Rifkatu, matar Obadiya. Wata rana Ɗahiru ya sayo ƙaton injin gas, ya kawo shi baki har kunne. Da aka auna, Obadiya ya ce ba zai ɗaura ba sai an canza sifirin da birkin gaba. Ɗahiru kuwa ƙarfinsa ya ƙare a kan injin.

"Yanzu ni za ka yi wa haka, Oga?"

"Kai ne ma zan yi wa. Nauyin buhun masara za ka ƙara wa motar nan a hanci, kuma mutane ne a cikinta."

Ɗahiru ya ja motarsa ya kai wani gareji, aka ɗaura masa. Daga ranar ya ɗauke gaisuwa.

Abin ya ci Obadiya a rai ƙwarai. In ya hana Rifkatu shiga motar, sauran mata za su watse, abincin gidan Ɗahiru ya yanke. In ya yi shiru, ran matarsa da na matan mutane ne a kan birkin da bai yarda da shi ba. Ya gaya wa Rifkatu gaskiya, ita kuma ta ce ba za ta sauka ta bar 'yan uwanta a ciki ba. Sai ya ɗauki kwalin da yake kwanciya a kai in zai shiga ƙarƙashin mota. Kowace safiya sai ya je inda bas ɗin ke lodi, ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashinta ba wanda ya sa shi. Ya duba abin dubawa, ya ɗaure abin ɗaurewa, ya fito ya kakkaɓe jiki, ya ce wa Ɗahiru ina kwana, a yi a hankali da gudu. Ɗahiru ya kau da kai kamar da bango ake magana. Haka aka ci damina guda, wani lokacin kwalin a cikin taɓo.

Kulu ce ta kashe maganar, wata dattijuwa da ba ta barin kujerar gaba. Ta dubi Ɗahiru ta ce, "Ba ka jin kunya? Mutum da furfurarsa yana birgima a ƙasa kullum, mu muna zaune a samansa." Da Ɗahiru ya sauke su, sai ya zarce garejin Obadiya. A can ya tarar da sifirin da kayan birki a jingine a lungu, an lulluɓe su da buhu. Tun makon da suka ɓata Obadiya ya samo su a jikin wata matacciyar mota, yana jira. A ranar aka ɗaura su.

Babu hatsarin da zan ba ku labarinsa, shi ya sa irin su Obadiya ba sa yin suna. Motar da ta isa lafiya ba ta tara jama'a.

Kai ne, Obadiya, ka yarda aboki ya yi fushi da kai, ba ka yarda ka je masa ta'aziyya ba. Kai ne ka san ba ƙarfin inji kaɗai ke kai mutum gida ba, sai da abin da zai ɗauke shi da abin da zai tsayar da shi. Mun gode. Matan da ka kwanta a taɓo dominsu sun gode, har da waɗanda ba su san sunanka ba. Ku kuma kanikawan da ya bari, don Allah kafin ku ɗaura inji ku tambayi nauyinsa, ko da mai motar zai ɓata rai.

Kai kuwa Obadiya, Ɗahiru ne ya ɗauki kayanka zuwa Zonkwa a bas ɗin nan. Waɗanda suka yi muku rakiya sun ce da aka gama lodi ka ɗauko kwalinka, amma baya ya hana ka sunkuyawa. Sai Ɗahiru ya karɓa ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashin motar da fararen kayansa. Daga can aka ji muryarsa yana cewa, "To Oga, gaya mini ta ina kake farawa."