Tsutsar Cikin Ganyen Lemona

Ni dai da zafin zuciya aka haife ni, kowa a gidanmu ya shaida. A ɗakinmu na titin Grand Concourse, nan ƙasar waje, ina da lemun tsami a bokiti, bakin taga. Ƙwayarsa daga itacen bayan ɗakin mahaifiyata na zo da ita, kuma bayan rasuwarta aka sare wancan aka gina shago. Nawa kaɗai ya saura.

Wata tsohuwa maƙwabciyata, 'yar wani tsibiri a Karibiyan, ta ba ni dashen lemun zaƙi, na ajiye kusa da nawa. Bayan sati uku na dawo daga aikin asibiti na tarar da farin zane a sabon ganyena, a murɗe kamar sawun maciji. Na ɗaga ganyen wajen haske. Wayyo! Tsutsa ce a cikin naman ganyen, tana ci tana tafiya.

Na yi yadda muke yi a gida, na ƙona gawayi na barbaɗa toka. Ina! Toka na waje, 'yar banza na ciki. Sai na shiga murƙushe su da farce kamar kwarkwata, ina zagin su har kakanninsu. Uwarsu, wani ƙwaro mai fiffike da bai kai ƙwayar shinkafa ba, na bi ta da silifa har na fasa madubi. Washegari ga sabon zane. Nan idona ya rufe. Na maka dashen tsohuwar da ƙasa na tattake, don na ce shi ya kawo mini su, na koma kan nawa ina tsige duk ganye mai tabo, har da wanda nake zargi kawai, ƙaya na yaga mini hannu.

Maigidana ya ce, “Haba Maman yara, ki bar masa ko biyu mana.”

Na ce, “Matsa, kada in haɗa da kai!”

Na bar itacen tsirara, na kwarara masa ruwan omo a gindi wai don in kashe ƙwai. Bai sake toho ba. Da wata ya zagayo na kankare ɓawonsa, ciki ya bushe ƙamas.

Ranar tsohuwar ta leƙo, ta ce, “'Yata, me ya same shi?”

Na zayyana mata da zafi, don ta san laifinta. Ta kama baki.

“Wannan tsutsar? A garinmu kowane lemo yana da ita. Ganye kawai take munantawa, ba ta kashe itace. Ƙyale ta muke yi.”

Ta fita, ni kuwa na zauna dirshan a gaban bokitin. Da hannuna na kashe shi, kuma babu inda zan sake samo irinsa.