Layar Haruffa Takwas

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka farke laya a kan teburin banki a Daura.

Shekarar da na samu gurbin karatu a Masar ce. Wani malaminmu da ke can ya zo hutu, ya rubuta mini haruffa takwas na boko a 'yar takarda, ya ce lambar bankin makarantar ke nan, idan babu ita kuɗin rajista ba za su san inda za su sauka ba. Ya koma, wayarsa kuma ta daina shiga.

Kullum da la'asar sai in zauna gindin darbejiyarmu in ta kallon haruffan nan. Wallahi har kogin Nilu nake gani a cikinsu, da jiragen ruwa suna wucewa a hankali. Kakata, wadda ta raine ni, ta ce, "Maigida, wace budurwa ce ta rubuto maka?" Na ce, "Iya, wannan ita ce ƙofar da zan bi in tafi."

Ranar ƙarshe ta biyan kuɗin, takarda ta ce ɗauke ni inda ka ajiye. Na zazzage akwati, na ɗaga tabarma, har cikin tulu na leƙa. Gurbina zai tafi ina ji ina gani! Na zauna ina hawaye, ƙato da ni.

Iya ta fito ta ce, "Kukan me? Ba ga ta nan a damtsenka ba?" Ashe sabuwar layar da ta ɗaura mini daren jiya ita ce. Ta kai wa baduku ya ɗinke, don kada ƙofata ta ɓata.

Tare muka hau babur. Ma'aikacin banki ya sa reza ya farke layar yana dariya, ya kwafe haruffan. Iya ta miƙa hannu: "Ɗan nan, ba ni abata. Ƙofar da ya fita, ta nan zai dawo." Ta sa aka sake ɗinkewa.

Na dawo bayan shekara shida, ban sami Iya da rai ba. Layar da ta bar mini tana nan a aljihuna. Ni hanyar tafiya na gani a takardar, ita hanyar dawowa ta gani. Tun daga nan na koyi cewa idan ina murnar tafiya, in waiwaya in dubi wanda zan bari.