Jinin Banki Bai Yi Wa Matarsa Rana Ba

Sana'arsa walda ce, amma a layinsu ba mai kiransa mai walda. Banki ake ce masa, wato bankin jini, don jininsa irin wanda ake iya ƙara wa kusan kowa ne, shi kuma Allah bai hore masa bakin cewa a'a ba. Mace ta zubar da jini wajen haihuwa, mai babur ya yi karo, duk shagonsa ake nufa. Sai ya kashe inji, ya cire gilashin ido, ya wanke baƙin hannunsa, ya bi su. Ko kuɗin mota ba ya karɓa. Matarsa takan ce wata rana sai sun matse shi kamar lemo sun yar da ɓawon. Duk da mitar, ita ce mai dafa masa hanta in ya dawo.

To, ita ce ta faɗi wata safiya tana shanya. Kwanaki tana dafe ƙirji tana cewa ƙwannafi ne, shi da ya san kowane lungu na asibiti ya yarda, har da sayo mata maganin sha. Aka kwashe ta sai asibiti.

Likitar, wata yarinya sa'ar 'yarsu, ba ta rufe baki ba ya naɗe hannun riga. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka toshe. A gwajin da aka yi, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, masu tashi in jiki ya ji rauni, ya hau sosai, wani kuma ya yi ƙasa. A masu irin wannan ciwo, hakan kan zo tare da toshewa mai tsanani, hoton jijiyoyin ma abin da ya nuna ke nan. An zura siririyar waya an buɗe ɗaya, sauran sun ƙi, kuma naman zuciyar ya riga ya jigata.

"To a zubar da natan, a sa nawa," in ji shi. "Nawa lafiya lau yake, ku tambayi ɗakin jini."

"Baba, ba jini ta rasa ba. Hanyar ce babu."

Ya fahimta sarai, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Mutumin da ke narka ƙarfe, ga toshiya da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba ta gagare shi. Ya koma benci ya zauna. Masu shara da 'yan gadi suna wucewa suna gaishe shi, wani har da tambayar yau wa ya yi sa'a. Ta gilashin ƙofa yana hango tafin ƙafarta da ya leƙo daga bargo, da kaushin da kullum take cewa za ta goge. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Bayan azahar wata nas ta zo tana inda-inda. An kawo wani birkila da ya faɗo daga bene, ba a samu irin jininsa ba, amma in Banki ba zai iya bayarwa ba, ba komai. Ya miƙe ya bi ta, don zaman ya ishe shi.

Ya kwanta yana matsa ƙwallon roba, yana kallon leda tana cika.

"'Yata, in ya ragu, ko kaɗan ne, a kai wa maman yara."

Ta ce to, ta manna masa auduga. Su biyun sun san ba za a kai ba.