Ɓauren Evdokiya

Duk ƙauyen nan na kan tudu a tsibirin Naksos, gida biyu kacal hayaƙi ke tashi a ciki: na tsohuwa Evdokiya da na maƙwabcinta Stamatis. Sauran mutane, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa birnin Atina, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Su biyun kuma ba sa ga-maciji tun shekarar da akuyarsa ta cinye mata wake tas. Akuyar ta daɗe da mutuwa, gabar tana nan daram.

Evdokiya ba ta iya zama ba. Ruwan hunturu, wanda shi ne daminarsu a can, na sauka ta shuka wake da albasa, zafi na matsowa ta dasa tumatir. Amma ranta yana kan ɓauren da mijinta ya dasa a tsakar gida. Irin wannan ɓauren kuwa ba ya riƙe 'ya'ya sai an hau dutse an tsinko na daji, an shirya su a zare kamar carbi an rataya masa, ƙananan ƙwarin ciki su yi aikinsu. Mijin ke hawa. Bana babu miji, gwiwoyinta kuma sun ce ba da su ba.

Tana ji tana gani 'ya'yan suka fara zubewa ɗanyu. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Stamatis ya leƙo ta katanga. "Ke tsohuwa, ɓauren naki ɓari yake yi fa."

"Ina ruwanka, tsohon banza? Je ka ɗaure akuyarka."

"Wadda ta mutu?"

"Ita ɗin!"

Washegari da safe sai ga ɓauren daji shirye a zare suna reto a rassan ɓaurenta. Ta hango Stamatis yana ɗingishi a lambunsa, ta kau da kai. Ta ce a ranta bari su nuna ta kai masa kwando guda, amma baki kam ba za ta buɗe ba.

Suka nuna, zuma har ɗiga take. Ta cika kwando ta nufi gidansa, ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

Mai kawo burodi ya tsayar da motarsa. "Inna, ai ɗansa ya tafi da shi a jirgin ruwan jiya, kina gonar zaitun. Tun da ya faɗi a dutsen nan ƙafar ta ƙi."

Allah sarki! Ta zauna a dokin ƙofar, kwando a cinya.

"Tsohon banza, ko sallama babu?"

Kuka ya ƙwace mata. Ta dubi kwaɗon ta ɗaga murya.

"Stamatis, na gode."