Keken da Kaka Ya Mayar Jigo

Jiya na ga wani yana ban-ruwa da jigo a fadamar Hadejia, sai dariya ta kama ni har na kusa faɗawa kogi, don na tuna da Kakana. Tsohon nan ko allura ka ba shi sai ya nemi inda zai kwance ta. Kullum maganarsa, "A gwada, in ya ƙi mu sha dariya."

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara bi ta Birniwa na sayi keke sabo fil, ko ƙuda ba na bari ya sauka a kai. A ranin nan ciwon baya ya hana Kaka jan jigo, albasarsa ta fara kwanciya. Wata safiya na tarar da kekena a bakin ruwa, an ɗora shi kan gwafa, an zare tayar baya, an zaga wa ƙarfen tayar igiya mai gwangwanaye har cikin ruwa.

Na ce, "Tsoho, ka kashe ni."

Ya ce, "Hau ka taka, ja'iri, kuka ba ya shayar da albasa."

Takun farko taɓo ya wanke masa gemu, na biyu igiya ta tsinke. Ya ƙulla, ya ce a sake. Sai ga ruwa yana gudu cikin lambu, ƙasa tana ƙanshi, mai ciwon baya yana tiƙar rawa. Albasa ta yi, kowace kamar tulu, har daga Guri aka zo kallo. Kekena dai bai sake ganin hanya ba.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi Alkausara. Keke kuwa na yafe, duniya da lahira.