Mutum Nawa Ke Ci Daga Tukunyata

Yarana, ku zo ku ji baƙuwar da na yi yau!

Ina tsaka da girkin rana sai ga sallama. Wata mata ce da 'yar kwamfuta a hannu, wai daga Dutse aka turo ta. Gwamnati na binciken zaman gidaje, kuma duk layinmu na Kiyawa gidana aka zaɓo. Na ce ta je gidan Malam mai makarantar allo mana, can ne jama'a suke. Ta ce, "Hajiya, ba a canzawa, dole ne."

Na shimfiɗa mata tabarma. Ta ce, "Su wa ke gidan?"

Na shiga lissafo ku har da jikoki. Sunan yayanku, ɗan farin da ban taɓa kira ba, sai da ta sa na faɗa da bakina!

Can ta ɗago. "Duk nan suke kwana?"

Na ce a'a, kuna Kano da Abuja.

"To mutum nawa ke ci daga tukunyarki?"

Na ce ni kaɗai ce. Ina kallo ta goge ku ɗaya bayan ɗaya. Sunana kaɗai ya rage.

Ta hango tukunyar ta ce, "Duk wannan ke kaɗai?" Na ce hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba.

Na hana ta tafiya sai da muka ci tare. Har ƙari ta yi!

Ta ce Laraba za ta dawo ta ƙarasa tambayoyin. Ita dai ta sa mini rana. Ku fa?