Kaset ɗin Baba da Katin Sauti na Ikeja

Funtuwa, Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gida, gari bai fara haske ba. Inna ta biyo ni har zaure da kaset naɗe cikin hankici. Ta miƙo, ta janye hannu, ta sake miƙowa. Ba ta ce in gaida kowa ba, ba ta ce in yi mata tsaraba ba. Abin da ta ce kawai, "Nuhu, yadda na ba ka shi, haka za ka dawo mini da shi."

Mahaifina cinikin goro ya yi a Agege, can Ikko, shekara ashirin da wani abu. Bai yi boko ba, Inna ma haka, saboda haka wasiƙarsu kaset ce. Ya zauna gaban rikoda ya yi ta magana, ya ba direban motar goro ya kawo. Inna ta saurara, a ɗora amsarta a kan maganarsa, a mayar masa. Shi ya sa babu wanda ya rage sai na ƙarshe, wanda kafin ta amsa labarin rasuwarsa ya iso. Duk Juma'a sai ta saurare shi, har zaren ya fara gajiya.

Ni kuwa shagon buga takardu nake da shi, da wata kwamfuta a gida. Aka ce mini da katin sauti mai kyau ana iya shigar da murya cikin kwamfuta, a juye ta a faifai, ta daina lalacewa. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kwaɗayin kaina a ciki, ina son kallon fim da jin kiɗa da sifika biyar kamar yadda na gani a gidan wani ma'aikacin banki. Katin da na fara saya a Kano ƙugi ya riƙa yi kamar injin niƙa, mai shagon kuma ya ƙi karɓa. Sai na rantse ba zan ƙara sayen wani ba sai na ji muryar Baba ta ratsa ta cikinsa da kunnena. Aka ce mini mai kyau sai kasuwar Ikeja, a Ikko. Za ku ce me ya hana in kwafe shi a wani kaset kafin in tafi. Wani mai kwafi ya taɓa tauna mana shi, da jan farce aka liƙe wurin, tun ranar Inna ta hana kowace rikoda taɓa shi sai tata. Ni ma sai da na yi wata guda ina lallashi kafin ta yarda in tafi da shi.

Hanya, Talata da Laraba

Bas mai cin mutum goma sha takwas, kuɗin mota naira dubu ɗaya da ɗari biyar. Mun tashi shida daidai. Birnin Gwari ƙarfe tara, Tegina sha ɗaya da rabi, inda muka ci shinkafa da wake a tsaye. Shekara biyu ke nan da sojoji suka sauka, kuma hirar motar gaba ɗaya ɗaya ce: rigimar da ake ta yi a Ikko tsakanin mutanenmu da 'yan gari. Kowa da labarin ɗan'uwansa da ya gudo ba takalmi. Ni kuwa ban taɓa wuce Kaduna ba.

Shinge goma sha ɗaya na ƙirga kafin Jabba. A na bakin gada aka sauke mu duka. Ɗan sandan da ya laluba ni ya zaro hankicin, ya warware, ya ɗaga kaset ɗin yana jujjuyawa, ya ce wa'azin tayar da fitina ne ko? Na ce muryar ubana ce, ya rasu. Ya sa ɗan yatsa cikin ramin ya murɗa zaren sau biyu. Sai ya jefo mini, na cafe da hannu biyu. Na mayar da shi cikin hankici, muka hau gadar.

Biyar da rabi muka shiga Ilori. Direba ya ce shi ba ya bin hanyar Badun bayan magariba ko nawa za a ba shi, muka kwana a masallacin tasha. Da safe kafin mu tashi ya dubi hulata ya ce, "Malam, daga nan gaba ka sa ta a jaka. Ba don tsoro ba, don zafi." Motar ta kwashe da dariya, amma na lura kowa ya cire tasa. Badun ƙarfe goma, Ikko ɗaya saura.

Agege

Kawu Sule, abokin cinikin Baba ne tun suna samari, shi ya tarbe ni a bakin layin dogo. Gajere ne mai ƙaton ciki, Yarbanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Ya ga yadda nake dafe da aljihu ya ce idan na ci gaba da haka, ko makaho ya san inda zai sa hannu. Gidansa ɗaki uku ne a bayan rumbun goro, ko'ina ƙamshin ɗanyen ganye. Aka kawo amala da miyar da ban san sunanta ba, na ci don kunya.

Na yi masa bayanin katin sauti har sau uku. Ya ce shi dai ya gane, ƙarfe ne da ake sa wa ƙarfe don ƙarfe ya yi magana. Game da rigima kuwa ya ce an kwana biyu lafiya, amma in ka ga masu shago sun fara jan ƙofa, kada ka tsaya tambaya.

Ikeja, Alhamis

Ƙarfe tara muka hau danfo, ƙaramar bas ɗin hayarsu, minti arba'in da biyar muka sauka. Kasuwar kwamfuta unguwa ce guda, gidajen kwana aka mayar shaguna, janareta na ihu a kowace ƙofa. Samari suna jan hannuna suna "Oga, me kake so?" Na ƙanƙame rigar Kawu ban ji kunya ba. Ya kai ni wurin wata Bayarabiya da ake kira Madam, wadda ta girma a Zariya, Hausarta ta fi tawa gudu.

Ta baza kati uku a kan tebur. Na zaro tsinken tsintsiya daga jaka, wanda na auna ramin cikin kwamfutata da shi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma tsinken ya yi aiki, domin katin farko dogo ne irin na tsofaffin injuna, ba zai shiga ba. Na biyu mai araha ne, ramuka uku kawai, sifika biyu yake ɗauka. Na uku yana da wurin sifikun gaba da na baya da babbar ta ƙasa, kuma yana da rami na musamman da ake jona rikoda. Ta ce abin da ya same ni da katin Kano ba laifin kati ba ne kaɗai, ramin makirufo na jona wa rikoda, dole ya yi ƙugi. Haka kuwa na yi.

Dokar kasuwar ita ce ka gwada a gabansu, in ka fita ƙofa shi ke nan. Ta sa katin a injinta, ta ɗauko rikoda. Sai da na sa ta gwada rikodar da kaset biyu nata kafin na warware hankicin. Ta danna. Muryar Baba ta fito daga kusurwa huɗu na shagon, tas, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara: sallama, sannan "Hauwa, ina fata kuna lafiya." Kawu Sule ya waiwaya bayansa. Wallahi waiwayawa ya yi, sannan ya zauna a kan kwali ya rufe fuska da hannun riga. Ban ƙara neman ragi ba. Kati da sifiku biyar da babbar ta ƙasa, dubu goma sha tara.

Ana cikin ɗaure kaya na ji ƙarar ƙofar ƙarfe, sannan wata, sannan layin gaba ɗaya. Mutane suka fara gudu ta gefe guda. Madam ta ja tata ƙofar, ta kashe janareta, ta ce kada wanda ya yi Hausa. Muka zauna cikin zafi da duhu mu biyar har da yaran shagonta biyu, ana jin ƙafafu da ihu a waje. Wani ya buga ƙofar da ƙarfi, ta amsa masa da Yarbanci, ya wuce. Na yi kalmar shahada a zuci ban san sau nawa ba. Abin da ke raina shi ne, in aka ja ni waje aka tuɓe mini riga, kaset ya tafi da ita. Bayan awa ɗaya da rabi aka buɗe. Wasu suka ce faɗan 'yan tasha ne, wasu suka ce ɓarawo aka kama. Har yau ban san gaskiyar ba.

Da muka koma Agege na ce ni gobe zan tafi, kuma kaset ba zai ƙara kwana a jikina ba. Kawu ya ce motar goronsa za ta tashi da safe, a sa kwalin ƙarƙashin huhunan goro, babu mai sauke huhu ɗari don ya bincika. Na ari sukundireba na kwance bayan babbar sifika, na zura kaset ɗin ciki ba hankici. Sai na ji ya lafe jikin wani baƙin ƙarfe mai nauyi, ya kama, ko girgizawa na yi ba ya motsi. Har daɗi na ji. Na ce Kawu ya zo ya ga dabara, ya sa mini albarka.

Komawa, Juma'a da Asabar

Mun bar Agege shida da rabi, ina gaba tare da direba. Motar goro ba ta sauri. Mun kwana Makwa, na sha shayi da burodi na naira sittin. An tare mu a shinge da yawa, an laluba ni sau uku, ni kuwa ina ɗaga hannu da ƙarfin zuciya don na san babu komai a jikina. Kusan kwana biyu kaset ya yi a wurin da na sa shi.

Funtuwa

La'asar sakaliya muka iso. Ko wanka ban yi ba na haɗa komai a falo. Kati ya shiga raminsa daidai. Na jera sifiku, na jona rikodar Inna a ramin da Madam ta nuna mini, ƙannena mata da maƙwabta suka cika ɗaki. Inna ta zauna a tsakiya a kan tabarma. Na danna.

Tarin ya fito. Sallama ta fito rabi, sai shuuu. "Hauwa, ina fa…" sai shuuu. Muryar ta dawo, ta nutse, ta dawo, ta nutse, daidai da juyawar zaren. Na duba waya, na canja rami, na juya ɗaya gefen, duk ɗaya. Wani maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya tambaye ni a ina na ajiye shi. Da na faɗa, ya dafe kai ya ce baƙin ƙarfen nan maganaɗisu ne, shi ke goge kaset. Ɗan sanda bai taɓa shi ba, 'yan Ikko ba su taɓa shi ba. Ni na yi, da sukundireba, ina murna.

Ban iya ɗaga ido ba. Na kai hannu zan kashe, Inna ta ce, "Bar shi. Mayar farko." Na mayar. Baba ya ce "Hauwa, ina fa…", ya nutse, sai Inna ta ce "…ta kuna lafiya," a daidai lokacin da ya kamata, shi kuma ya dawo ya ɗora. Ya fara zancen kuɗin makarantar ƙanwata Binta ya ɓace, ta ƙarasa masa. Ya fara zancen ciwon ƙafarsa, ta ƙarasa. Minti arba'in da biyar, ko kalma ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba, idonta a kan tabarma. Da aka zo ƙarshe ta ce, "Abin naka yana ɗaukar maganar mai rai?" Na ce yana ɗauka. Ta ce to gobe bayan hantsi in kawo makirufo.

Haka muka yi. Faifan yana nan, rabi muryarsa, rabi tata. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan abin ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Kawu Sule, da Madam da ta rufe ƙofarta da mu a ciki, da direbobin nan biyu. Inna kuwa, ban san da wace kalma zan fara ba, har yanzu ban fara ba.